Dashen Ɓargo: A Tsare Jikin Mai Sikila Tun Kafin a Tara Kuɗin

A 'yan kwanakin nan maganar dashen ɓargo ta yi yawa a gidajen da ke da mai amosanin jini, wato sikila. Har a yankinmu na Sabon Birni da Isa za ka ji uba yana lissafin gona da shanun da zai sayar don a kai yaro Indiya ko Legas. Kowa kuɗin yake tambaya. Amma likitan da zai yi aikin, abin da zai fara tambaya shi ne: a wane hali jikin yaron yake?

Bari mu fara da yadda aikin yake. Ɓargo ne ke ƙera jini. A dashe, ana ba majiyyaci magunguna masu ƙarfi da za su kashe ɓargonsa, sannan a sa masa ƙwayoyin ɓargon wani ta jijiya, kamar ƙarin jini. Wanda ya fi dacewa ya bayar shi ne ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kowane ɗan'uwa yana da damar ɗaya cikin huɗu ne ya dace. Mai AS ma yana iya bayarwa. A Najeriya an fara yin wannan aiki cikin nasara a 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas shi ma ya fara, tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya.

Magungunan nan ba wasa ba ne. Hanta ce ke sarrafa su, ƙoda ta fitar da su, kuma majiyyaci yakan yi makonni babu garkuwar jiki. Wani lokaci sabon ɓargon kan juyo ya yaƙi fata, hanji da hantar wanda aka sa wa. Akwai kuma haɗarin rasa haihuwa. Jikin da ya shiga aikin da ƙarfinsa ya fi iya jurewa. Shi ya sa tun 2005 likitoci a Seattle ta Amurka suka fito da ma'auni na ƙidaya larurorin da mutum yake da su kafin dashe, kamar ciwon zuciya, huhu, hanta, ƙoda da ciwon suga. Iya yawan makinsa, iya girman haɗarin.

Shekaru ma suna da tasiri. Wani babban nazari da aka wallafa a 2017 ya bibiyi masu sikila 1,000 da 'yan'uwansu suka ba su ɓargo. Bayan shekara biyar, kashi 95 cikin ɗari na waɗanda ba su kai shekara 16 ba suna raye. A waɗanda suka kai 16 zuwa sama, kashi 81 ne. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, duk shekarar da ta wuce sikila na ƙara cin gaɓoɓin ciki a hankali.

To me ke lalata gaɓoɓin nan a wajenmu?

Na farko, ƙarin jini barkatai. Kowace leda tana ɗauke da sinadarin ƙarfe, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da rarar, sai ta taru a hanta da zuciya. Idan an ƙara wa yaro jini sau da yawa, ku nemi a auna yawan ƙarfen. Akwai maganin da ke fitar da shi. Kada ku yarda da jinin da ba a gwada ba, domin ta nan ciwon hanta nau'in B da C ke shiga. Ga kuma abin da iyaye da yawa ba su sani ba: idan kuna da niyyar dashe, kada a ɗebi jinin wa ko ya na ciki ɗaya a sa wa yaron. Jikinsa zai iya shaida jinin, ya ƙi ɓargon ranar da aka kawo shi.

Na biyu, maganin ciwo daga kemis. Na san halin da ake ciki. Hanya ba lafiya, wasu ƙauyukan sun watse, wasu iyalan sun tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato kuwa sai an yi shiri. Idan ciwo ya tashi cikin dare, abin da ke kusa ake kamawa. Amma shan diclofenac da ibuprofen kullum ba da sanin likita ba yana cin ƙoda, ƙodar mai sikila kuwa dama a wahale take. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, hanta suke taɓawa.

Na uku, zazzaɓin cizon sauro da ciwon ƙirji. Duk zazzaɓi a jikin mai sikila na gaggawa ne. Tari da numfashi sama-sama ba abin jira zuwa ranar kasuwa ba ne, domin ciwon ƙirji mai maimaituwa yana barin tabo a huhu. Idan kuka ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A garzaya asibiti nan take.

Abin da za ku iya yi daga gida ba shi da tsada. Yaro ya kwana cikin gidan sauro, ya sha ruwa sosai musamman a bazara, a rufe masa jiki lokacin hunturu. A kammala masa rigakafi, har da na ciwon hanta da ake yi ranar haihuwa. Ya riƙa shan folic acid da maganin kariya daga zazzaɓi yadda aka rubuta. Ku tambayi likita ko hydroxyurea ya dace da shi, domin yana rage tashin ciwo da buƙatar ƙarin jini. Daga shekara 2 zuwa 16, ku nemi gwajin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ke nuna haɗarin shanyewar jiki.

Sannan ku sayi littafi na musamman. Ku rubuta ranar kowace kwanciya asibiti, kowace ledar jini da wanda ya bayar, da kowane magani. Idan gudu ya kama, ku sa shi a leda tare da katin asibiti. Likitan dashe zai nemi wannan tarihin.

Gaskiya ɗaya ce: yawancin gidajenmu ba za su iya kuɗin dashe ba, kuma ba kowane yaro ke da ɗan'uwan da ya dace ba. Amma kulawar da ke shirya jiki don dashe, ita ce dai ke tsawaita ran wanda ba za a yi wa ba, da yardar Allah. Ga masu shirin aure kuma, a yi gwajin jini tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Mu ma ba sai mun jira an tilasta mana ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir. Sai mako mai zuwa.