Muryar Gida a Ɗakin Masu Dogon Suma

Duk wanda ya san hanyar da ta fito daga Kano ta ratsa Gezawa ta nufi Ringim ya san irin gangancin da ake yi da babura ranar kasuwa, galibi kuwa ba hular kwano a kai. Idan ƙaddara ta sauka, kai ya bugi kwalta har ƙwaƙwalwa ta taɓu, sai a garzaya da mutum birni, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a kwantar da shi a ɗakin kulawa ta musamman, 'yan'uwa kuwa su yi jugum a waje, suna ganin babu abin da ya rage musu face addu'a da sayen magani.

A nazarina akwai sauran abin da za su iya. Likitoci suna auna zurfin suma da ma'aunin Gilasgo na 1974, daga 3 zuwa 15, wanda ya sauka 8 ko ƙasa rauninsa mai tsanani ne. Amma wannan ma'auni zahirin jiki kaɗai yake dubawa, alhali a 2006 Adrian Owen na jami'ar Kambirij ya umarci wata mata da hatsarin hanya ya bari ba motsi ba magana ta sawwara tana wasan tanis, na'ura ta nuna ƙwaƙwalwarta ta amsa tamkar ta mai lafiya. A 2015 kuma wata mai bincike, Theresa Pape, a Amurka ta riƙa sa wa masu dogon suma muryar danginsu sau huɗu a yini har mako shida, aka ga sun riga waɗanda ba a sa wa muryar ba farfaɗowa, ko da yake mutum 15 ne kacal, adadin da bai kai hujja yankakkiya ba.

Magabata ma sun san wannan babi, domin asibitin da Sarki Bayazid na Biyu ya gina a Edirne ta ƙasar Turkiyya a 1488, a da ana jinya da sautin kiɗa a cikinsa. Saɓanin fuƙaha'u a kan kiɗa sananne ne, ba kuwa sai mun shige shi ba, tun da manomin Jogana, a kan waccan hanya ta Gezawa, da ya tashi a makarantar allo tilawa ta fi zama a kunnensa, wani Ishiriniya, wani kuwa, kada mu yi wa kanmu ƙarya, Shata ne. Iyalinsa su suka san wanne.

Sai dai akwai sharaɗi, domin ƙwaƙwalwar da ta kumbura tana bukatar shiru, taron 'yan dubiya kowa da wayarsa cutarwa ce. Abin da nake roƙon hukumomin asibitocinmu shi ne su ƙayyade wa mutum ɗaya, uwa ko mata, 'yan mintuna safe da yamma, murya ƙasa-ƙasa, ma'aikaciyar jinya na duban bugun zuciya da numfashi, in suka hau a dakata.