Tanadin da Ya Wajaba Kafin Tiyatar Sauya Gwiwa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Kazaure ta nufi Daura, ko ƙananan hanyoyin garuruwan Roni da Gwiwa, ko wadda ta miƙa Babura har iyakar Nijar, ya san cewa babur, wanda ya sauƙaƙa wa talaka zuwa kasuwa da gona, shi ne kuma ya yawaita mana magidanta masu ɗingishi. Domin idan aka yi karo, ko aka zame a yashi, sau da yawa gwiwa ce kan fara isa ƙasa, alhali karayar da ta ratsa cikin gaɓa ba irin ta tsakiyar ƙashi ba ce, wadda mai ɗori zai ja ya ɗaure da karare. Ko da ta haɗe, takan bar kan ƙashin da kaushi, guringuntsi ya yi ta cinyewa shekara da shekaru, har ranar da likita a Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a Kano tun 1959, zai dubi hoto ya ce babu sauran magani illa a sauya gwiwar.

Abin da ke damuna shi ne, da zarar dangi sun ji wannan hukunci, himmarsu kacokan sai ta koma kan kuɗi, a sayar da sa, a fitar da riɗi da gero, a yi karo-karo, har idan adadin ya cika sai a ɗauka an gama. A ganina kuɗin tiyata rabin tanadi ne kawai, sauran rabin kuwa yana cikin jikin mara lafiya da ɗakinsa da haƙurin iyalinsa, kuma shi ne aka fi yin sakaci da shi.

Aikin kansa ba ya wuce awa biyu a galibi: likita zai share ƙarshen ƙashin cinya da kan ƙashin ƙwauri, ya lulluɓe su da ƙarfe, ya sa roba mai ƙarfi a tsakani don ta maye gurbin guringuntsi. Wani nazari da masana na Jami'ar Bristol ta Ingila suka wallafa a 2019 ya nuna cewa kimanin 82 cikin 100 na irin waɗannan gwiwoyi na aiki har bayan shekara 25. Sai dai ƙarfe ba shi da jini, ba ya iya kare kansa, saboda haka idan ƙwayar cuta ta kama shi magani kan yi wuyar kai mata, har wani lokaci dole a sake buɗewa a cire. Kuma wanda ya taɓa karyewa a wurin, aka yanka shi ko aka sa masa ƙarfe a baya, yana cikin waɗanda suka fi kusa da wannan musiba. Don haka ya zama wajibi, tun da sauran watanni, a auna suga da hawan jini a daidaita su, a duba ko akwai ƙarancin jini, a gyara ruɓaɓɓen haƙori, a warkar da kowane gyambo, mai shan taba ya bari. Kuma, ina roƙo da babbar murya, kada a bari wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a ƙafar da za a yi wa aiki. Wanda ya je wurin mai ɗori, ko ya daɗe yana shan maganin ciwo daga kemis, ko jiƙe-jiƙe, ya faɗa wa likita gaskiya ba tare da jin kunya ba, domin ɓoye irin wannan cin amanar kai ne.

Kamar yadda manomi ba ya jiran saukar ruwa kafin ya yi sharar gona, haka naman cinya ake fara ƙarfafa shi tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Mutum ya kwanta rigingine, ya miƙe ƙafar, ya matse naman cinyarsa har ya ji bayan gwiwa ya danni shimfiɗa, ya ɗaga diddige kamar taƙi guda, ya ƙirga goma, ya sauke a hankali, safe da yamma, gwargwadon yadda ma'aikatan sashen gashin ƙashi suka nuna masa. Wanda ya shiga da cinya mai ƙwari shi ne kan riga tsayuwa, domin akan tayar da mutum ya taka da abin dogarawa tun kwana ɗaya ko biyu bayan aiki, don gudun daskarewar jini a jijiyoyi.

Sa'an nan a dubi gida da idon wanda ba zai iya tsuguno ba. Masai namu na tsuguno ne, shimfiɗarmu a ƙasa take, dokin ƙofa yana da tudu, makewayi kuma yana da santsi. Sabuwar gwiwa kuwa ba kasafai take lanƙwashewa har diddige ya taɓa mazauni ba. Kujerar katako da kafinta zai huda tsakiyarta a ɗora bisa masai, da gado mai tsayin da tafin ƙafa zai taɓa ƙasa daga zaune, da ƙarfen kamawa a bango, duka ba su kai kuɗin tunkiya ba, amma rashinsu na iya jawo faɗuwar da za ta rushe aikin miliyoyi.

Akwai kuma damuwar da dattawa ba su cika furtawa a gaban likita ba, wato sha'anin salla, har wani ya gwammace ya zauna da azaba da a ce ya rasa sujada. Ya kamata malamanmu su kwantar musu da hankali tun kafin tafiya, domin shari'a ba ta bar wannan babi a rufe ba: hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya halatta wa wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta yi bayanin sallar mara lafiya, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa sahabi Arfaja izinin sa hancin zinariya bayan an yanke nasa. Neman magani riƙo da sababi ne, ba ya warware tawakkali, rangwamen da Allah Ya yi kuwa karɓarsa ibada ce.

Game da lokaci, idan likita ya ba da zaɓi, bayan kaka ya fi, sa'ad da rumbu ke cike, hanyoyin ƙauye suka bushe, masu jinya kuma suka huta da noma. Kuma a ware kuɗin mota da na gashi na wata uku, kada a zuba kome a ranar tiyata.

A nan ne nauyi ya hau kan hukuma. Daga Kazaure zuwa Kano tafiyar wajen kilomita 80 ce, na Gwiwa da Roni kuwa tasu ta fi haka, kuma mutumin da aka ɗinke jiya ba zai jure wannan zirga-zirga a motar haya kowane mako ba; sai ya je sau biyu ya gaji, gwiwar ta sandare. Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa da ta wadata asibitocin Kazaure da Babura da ma'aikatan gashi da kayan aikinsu, ta kuma tsayar musu da rana guda a mako da za su riƙa zagayawa Roni da Gwiwa, da takardar Dala a hannun kowane mara lafiya mai bayyana abin da aka yi masa da abin da ya rage.