Wane Ne Matalauci A Ruhu?

Babu mutumin da ke tashi da asuba ya roƙi Allah ya ba shi talauci. Bahaushe ma in ya so ya yi wa mutum zagi mai ciwo sai ya kira shi matsiyaci, in kuwa fatan alheri zai yi masa sai ya ce Allah ya yi masa arziki. Saboda haka abin mamaki ne ga wanda ya fara duba koyarwar addinin Kirista ya tarar cewa huɗubar Yesu Almasihu mafi shahara, watau wadda ake kira Huɗuba a Kan Dutse, da yabon matalauta ta buɗe. Tana cikin Linjilar Matiyu daga sura ta 5 zuwa ta 7, ta kuwa fara da albarku guda 8. Ta farkonsu, a aya ta 3, ga matalauta a ruhu aka yi ta, aka ce su ne masu Mulkin Sama. A kan wani tudu da ke kallon Tekun Galili, inda aka daɗe ana ɗauka nan aka yi huɗubar, an gama ginin wata majami'a mai kusurwa 8 cikin shekarar 1938 domin tunawa da albarkun nan.

To, abin da za mu duba a wannan fili makon nan shi ne, wane ne wannan matalauci? Tambayar ta wuce zauren malaman majami'a. A ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta bayyana cikin 2022 cewa mutum miliyan 133, watau kashi 63 cikin 100, suna fama da talauci ta fuskoki dabam-dabam, duk fassarar da aka yi wa wannan aya a aljihun wani take ƙarewa.

Da harshen Girka aka rubuta Linjila, shi kuwa harshen yana da kalmomi biyu na talauci. Akwai penes, mutumin da ba shi da rara amma yana da sana'a, kullum sai ya fita ya nema kafin a ɗora tukunya a gidansa. Akwai kuma ptochos, wanda asalin kalmar ke nuna mai durƙuso yana rakuɓewa, ba gona, ba jari, ba ƙarfin nema, abincinsa yana hannun wani. Mu ma da Hausa mun san bambancin talaka mai rufin asiri da miskinin da ke zaune bakin kasuwa da ƙoƙo. Kalma ta biyun ce ke cikin ayar. Ashe dai ana maganar mutumin da ya tsaya gaban Mahaliccinsa kamar mabaraci, ya san bai zo da kome ba, ba ya kuma bin Allah bashin ko anini. Luka, a sura ta 6 ta Linjilarsa, bai ma saka "a ruhu" ba. Matalauta kawai ya ce, sa'an nan ya bi da kashedi mai zafi ga mawadata. Tsakanin waɗannan riwayoyi biyu Kiristoci suka yi ta kai da kawowa har yau.

Agustin, bishof na garin Hippo wanda yanzu ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya, ya yi sharhin huɗubar wajen shekarar 394, ya ce masu tawali'u ake nufi, waɗanda girman kai bai kumbura su ba. Hujjarsa tana da ƙarfi, gama a Luka sura ta 18 an ba da misalin mutum biyu da suka shiga Haikali yin addu'a. Bafarisiye ya tsaya yana lissafa wa Allah azuminsa sau biyu a mako da zakkar da yake fitarwa, har yana godiya da bai zama kamar mai karɓar harajin da ke gefe ba. Shi kuwa mai karɓar haraji ko ɗaga ido sama bai iya yi ba, jinƙai kawai ya roƙa, shi ne kuma aka ce ya koma gida karɓaɓɓe. Mai karatu ya lura, a zamanin nan masu karɓar haraji ba su cikin marasa kuɗi. Watau ana iya samun attajiri mai talaucin ruhu, ana kuma iya samun mai tsumma wanda girman kansa ya fi na sarki.

Amma fa wannan fassara tana da daɗi ƙwarai a kunnen mai dukiya, abin da ya sa waɗansu suka ƙi tsayawa a kanta. Wajen shekarar 270 wani saurayi a ƙasar Masar mai suna Antoni ya shiga majami'a ya ji ana karanta labarin saurayin nan mai arziki na Matiyu sura ta 19, wanda aka ce masa ya sayar da mallakarsa ya ba matalauta amma ya tafi da baƙin ciki. Antoni ya ɗauka da shi ake. Ya rabar da gonakin gadonsa, ya shiga hamada, ya zauna can har ya rasu a 356 yana da shekara 105, shi ne kuma ake ɗauka uban 'yan zuhudun Kirista. Bayansa da shekaru kusan 900 aka yi Faransis na garin Asisi a Italiya, ɗan wani babban falke mai fataucin yadi. Cikin 1206, da uban ya kai ƙararsa gaban bishof saboda dukiyar da ya ɓatar wajen gyaran wata tsohuwar majami'a, sai Faransis ya tuɓe har tufafin jikinsa ya miƙa wa uban a bainar jama'a. Ya hana mabiyansa taɓa kuɗi, ya ce su ci daga aikin hannunsu, in ya gaza su yi bara.

Abin da ya biyo bayansa ya isa ɗan Adam ya yi wa kansa dariya. Faransis ya rasu a 1226, shekara 2 bayan haka aka fara gina ƙasaitacciyar majami'a domin kabarinsa. Mabiyansa suka rabu, waɗansu na cewa a sassauta doka domin ƙungiya ta yi girma tana bukatar gidaje da littattafai, waɗansu na cewa ko allura ba za a mallaka ba. Rigima ta yi tsanani har cikin 1318 aka ƙone mutum 4 daga masu tsattsauran ra'ayin a birnin Marsai na Faransa, a 1323 kuma Fafaroma Yohanna na XXII ya yanke hukunci cewa bidi'a ce a dage a kan Yesu da manzanninsa ba su mallaki kome ba. Mutane sun yi faɗa a kan talauci kamar yadda suke yi a kan gado. Lalle wanda ya zubar da dukiya yana iya riƙe alfahari da zubarwar, ya koma Bafarisiye mai yagaggiyar riga.

Nan ne maganar ta gangaro ga abin da ya fi wuya, watau bauta wa Allah ba don ladan da za a samu ba. Tambayar tsohuwa ce, tana farkon Littafin Ayuba, inda Shaiɗan ya yi zargin cewa Ayuba yana tsoron Allah ne kawai domin an kewaye shi da dukiya da 'ya'ya, a ɗauke su a gani. Mu kan ce don tuwon gobe ake wanke tukunya, zargin Shaiɗan ke nan a taƙaice. Wani malami Bajamushe mai suna Ekhart, wanda ya rasu wajen 1328, ya kwatanta irin wannan ibada da yadda mutum ke son saniyarsa domin madara da cukun da take ba shi. Duk wanda ya ga yadda ake yi da saniyar da ta daina ba da nono ya gane inda misalin ya nufa. Ekhart ya tafi da nisa har ya koyar da cewa matalauci na gaske ba ya so, ba ya sani, ba ya mallaka, majami'a kuwa ta soki waɗansu maganganunsa a 1329. Ita majami'a ba ta yarda a ce begen lada laifi ne ba, tun da ayar kanta da alkawarin Mulkin Sama ta ƙare. Abin da ake tsoro shi ne ibada ta zama ciniki.

Misalin zamaninmu shi ne Uwa Teresa ta Kalkata a Indiya, wadda ta kafa ƙungiyarta a 1950, ta sami lambar Nobel a 1979, ta rasu a 1997. Da aka buga wasiƙunta a 2007 sai duniya ta ji cewa kusan shekara 50 ta yi tana addu'a ba ta jin kusancin Allah a zuciyarta, sai duhu da shiru. Duk da haka ba ta fasa tashi da asuba ta yi addu'a ta fita wurin masu mutuwa a bakin titi ba. Akwai masu sukar yadda ake jinya a gidajenta, sukar kuwa ta cancanci a saurare ta, amma kan tambayar Ayuba da wuya a ce don nono ta bi saniya.

Yanzu mu dawo gida. Tun daga shekarun 1970 wani irin wa'azi ya yi ƙarfi a Nijeriya, wanda ke koyar da cewa nufin Allah ne mai bi ya yi arziki da lafiya, talauci kuwa la'ana ce da bangaskiya ke karyawa. Marigayi Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya rasu a 1998, yana cikin waɗanda suka fi yaɗa shi, matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin SAP na 1986 kuma ya ƙara masa kasuwa. Adalci ne a faɗi cewa masu wannan wa'azi sun ba mutane da yawa ƙarfin zuciyar tashi su nema, sun kuma gina makarantu da jami'o'i da asibitoci. Inda gizo ke saƙa shi ne koyarwar "shuka iri", inda ake ce wa mai bi ya ba da kuɗi domin Allah ya mayar masa ninki ba ninki. Gwauruwar da aka yaba a Markus sura ta 12 ta jefa 'yan kuɗinta biyu, iyakar abin da take da shi, ba a kuwa ce ta koma gida ta tarar da buhun zinariya ba. In aka ce wa gwauruwar yau ta ba da kuɗin makarantar 'ya'yanta a matsayin jari, sa'an nan da riba ta ƙi zuwa aka ce bangaskiyarta ce ta gaza, an cuce ta sau biyu. Malaman tauhidi na Afirka da suka taru a Akropong ta ƙasar Gana a 2008 da 2009 sun fito fili sun ce wannan koyarwa ta kauce wa Linjila. Cinikin nan kuwa ba sabo ba ne, gama sayar da takardun gafara ne ya tayar da Martin Luta a 1517, shi ne kuma da ya rasu a 1546 aka tarar da 'yar takarda da ya rubuta cewa mu duka mabarata ne.

Sai dai laifi tudu ne. Masu sukar wa'azin arziki su ma su duba nasu, domin an daɗe ana amfani da wannan aya a rufe bakin talaka, a ce masa ya yi haƙuri da yunwa ladansa na sama, alhali mai faɗar haka ya ci ya ƙoshi. A ganina wannan ya fi wancan muni, gama shi mai wa'azin arziki ko ba kome ya yarda yunwa mugun abu ce. Littafi Mai Tsarki bai yabi yunwa ba. Annabi Amos ya la'anci masu sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi, Wasiƙar Yakubu sura ta 5 kuma ta ce hakkin ma'aikatan gona da aka danne yana kuka har Allah ya ji. Bishof-bishof na Kudancin Amurka da suka taru a Medelin ta ƙasar Kolombiya a 1968 sun rarrabe abu uku: rashin abin masarufi, wanda suka kira mugunta da ta saɓa wa nufin Allah, talaucin ruhu, watau buɗe zuciya ga Allah, da talaucin da mutum ke ɗaukar wa kansa da gangan domin ya tsaya tare da waɗanda ba su zaɓi nasu ba.

Oskar Romero, babban bishof na San Salbado, na ukun ya ɗauka. Ya zauna a wani ɗan gida cikin harabar asibitin masu ciwon daji, yana karanta sunayen waɗanda aka kashe ko aka ɓatar a cikin huɗubarsa ta Lahadi da ake watsawa a rediyo. Ran 23 ga Maris 1980 ya roƙi sojojin ƙasarsa su daina harbin 'yan'uwansu talakawa. Kashegari da yamma aka harbe shi yana tsakiyar jagorantar sujada a ɗakin addu'a na asibitin. Marigayi Fafaroma Faransis, wanda ya ɗauki sunan mutumin Asisi da aka zaɓe shi a 2013, shi ya sa Romero cikin jerin waliyyan Katolika ran 14 ga Oktoba 2018.