Darasin Ƙarancin Naira: Manhaja Mai Sauƙi Ita Ce Abin Dogaro

Duk wanda ya leƙa Kantin Kwari ko Kasuwar Sabon Gari a watan Fabrairun 2023 ba zai manta da halin da 'yan kasuwa suka shiga ba. Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, ciniki ya koma ta waya. Nan take manhajojin bankuna da dama suka durƙushe. A cire wa mai saye kuɗi, mai sayarwa bai ga komai ba, bandir ɗin atamfa yana ajiye a tsakaninsu ana kallon-kallo.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kafin kuɗi ya isa, sai ya ratsa wayar mai turawa, da layin sadarwa, da bankinsa, da cibiyar NIBSS mai haɗa bankuna, sannan bankin mai karɓa. Ko'ina aka sami tangarɗa, ciniki ya tsaya. Idan kuma aka jibga wa manhajar tallace-tallace da hotuna da neman rance da sayen tikiti, an ƙara ƙofofin da matsala za ta shigo. Taura biyu ba ta taunuwa.

Abin lura shi ne inda jama'a suka nufa a wancan lokaci: injinan POS na kamfanoni irin su Moniepoint da OPay, da kuma lambobin USSD, waɗanda ko da yake su ma sun sha cunkoso, ba sa buƙatar intanet ko waya mai tsada. Ita kuwa eNaira, wadda aka ƙaddamar a Oktoban 2021, kasuwa ba ta waiwaye ta ba. A Kenya ma, da gajeren saƙon waya M-Pesa ta fara a 2007, har ta mamaye ƙasar.

Saboda haka muna kira ga bankuna da matasanmu masu rubuta manhaja, musamman ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Bayero, da su auna aikinsu da tambaya guda: shin ɗan dako a Fagge, mai ƙaramar waya, zai iya amfani da shi cikin Hausa, a layi mai rauni, ya kuma tabbata kuɗinsa ya shiga? Duk abin da bai taimaka wa wannan buƙata ba, a cire shi. Amana ce jarin kasuwa, kuma manhajar da ta ci amanar ɗan kasuwa sau ɗaya, da wuya ya sake ba ta dukiyarsa.