Jakadan da ba a maraba da shi



Duk lokacin da ƙasashe biyu suka sami saɓani, za ku ji an ambaci wani furuci na Latin: persona non grata, wato mutumin da ba a maraba da shi. Sashe na 9 na Yarjejeniyar Vienna ta 1961 ya ba kowace ƙasa damar ɗora wa jami'in jakadancin wata ƙasa wannan hukunci a duk sa'ad da ta ga dama, ba tare da ta faɗi dalili ba. Da zarar an yi haka, ƙasarsa za ta kira shi gida.

Mutane da yawa kan ɗauka yanke hulɗa ke nan, alhali akwai tazara. A 2018, bayan an sa wa tsohon ɗan leƙen asirin Rasha Sergei Skripal guba a Salisbury ta Birtaniya, Birtaniya ta kori jami'an Rasha 23, Rasha ta rama da 23, amma ofisoshin jakadancinsu ba su rufe ba.

Inda lamarin ya yi sarƙaƙiya shi ne Yamai. Ranar 25 ga Agustan 2023, wata guda bayan sojoji sun hamɓarar da Shugaban Nijar Mohamed Bazoum, gwamnatin Janar Tiani ta ba jakadan Faransa, Sylvain Itté, sa'o'i 48 ya tattara ya bar ƙasar. Faransa ta ce atafau, domin ba ta yarda sojojin ne hukuma ba, kuma wanda ba hukuma ba ba ya korar jakada. Sojojin suka ce sun cire masa rigar kariya. Sai dai sashe na 22 ya hana shiga harabar ofishin jakadanci ba da izini ba, don haka suka tsare ƙofa, shi kuma ya zauna ciki. Shugaba Macron na Faransa da kansa ya ce jakadan ya koma cin abincin gwangwani irin na soja.

Yarjejeniyar ba ta faɗi wa ke magana da sunan ƙasa idan mulki ya sauya ta bakin bindiga ba. A ganina Faransa ta riƙe hujjar da ba ta da ƙarfin tsaya mata, tunda jakada aikinsa zama da masu riƙe da gari, ko yana son su ko ba ya so. Ranar 27 ga Satumba Itté ya bar Yamai, a Janairun 2024 kuma Faransa ta rufe ofishin baki ɗaya.