Tsiro na iya zuƙe guba daga gona, amma ina za a kai ganyen?

A kafafen sada zumunta ana ta yaɗa labarin tsirran da ke tsotse ƙarafa masu guba daga ƙasar noma, kamar wata manhaja ce da za a danna ta goge matsalar. Kimiyyar gaskiya ce. A 2001 masu bincike a Jami'ar Florida ta Amurka suka nuna cewa tsiron Pteris vittata na tara asenik mai yawa a ganyensa. Ramar da muka sani ma tana ɗaukar kadmiyom.

Sai dai tsiro ba ya narkar da ƙarfe. Kwashe shi yake yi daga ƙasa ya ajiye a ganye da kara. A nan gizo ke saƙar, domin a ƙauyukanmu ba a barin ganye ya tafi a banza. Rama kwaɗo ake yi da ita, abin da ya rage awaki su cinye, kara kuma ya shiga murhu. Ko an ƙona shi, ƙarfen na nan a cikin toka da hayaƙi. Wanda ya shuka rama a gurɓatacciyar gona ba tare da shinge ba, ya rage wa gubar nisan tafiya ne zuwa tukunya.

Dalma ta fi taurin kai: tana manne wa ƙasa, kaɗan tsiro ke ja. Shi ya sa lokacin da gubarta ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ba a jira shuka ba. A Dareta, daga baya a Bagega, kankare ƙasar saman aka yi, aka binne ta, aka zuba sabuwa.

Inda dabarar za ta iya amfani shi ne wurare irin lambunan Kano da ke shan ruwan majemun Challawa da Sharada mai ɗauke da kuromiyom, kuma aikin shekaru ne, bayan an tsayar da kwararar ruwan.

Kafin a sayi iri, a sayi na'urar XRF ta hannu, irin wadda aka yi aiki da ita a Zamfara. Ana ɗora bakinta a kan ƙasa, cikin ɗan lokaci ta nuna yawan ƙarfen. Da ita da GPS na waya za a fitar da taswirar kowace gona. Sannan a zaɓi tsiron da mutum ba ya ci, kamar jema, a kewaye filin, a tanadi ramin binne girbin tun kafin ruwan farko ya sauka.