Haƙƙin Kurame A Kan Ma'abota Alƙalami

 Wannan magana ce zuwa ga malamai ma'abota allo da tawada, da attajirai da sauran 'yan kasuwa, a kan wata jama'a da ke zaune tsakaninsu, ana cuɗanya da ita dare da rana, amma ba safai a ke tunawa da ita ba in ana zancen ilmi. Jama'ar nan su ne kurame, waɗanda galibi a ke kira bebaye. Tun zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, aka yi ta buɗe azuzuwa a birane da ƙauyuka, manya da yara suka koyi karatu da rubutu. Amma duk darasin nan da baki a ke ba da shi, da kunne kuma a ke karɓarsa, sai aka bar wanda ba ya ji a bakin zaure. Har yau da yawansu suna nan inda aka bar su.

Ba jama'a ce kaɗan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2021 cewa mutum miliyan 430 ne a duniya ke da raunin ji mai bukatar taimako, miliyan 34 daga cikinsu yara ne. Ta ce kuma wajen kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara daga abubuwan da a ke iya karewa ta ke zuwa. A ƙasar Hausa an san waɗannan abubuwa sarai: sanƙarau, da ƙyanda, da hangum, da ciwon kunne mai ruwa wanda aka bari ya daɗe, da waɗansu allurai masu ƙarfi da a ke yi wa jarirai ba bisa ƙa'ida ba. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, cikin waɗanda suka tashi kuwa akwai da yawa da suka tashi ba ji. Yaran wannan shekara yanzu magidanta ne da matan aure.

To, mene ne ya sa karatu ke yi wa kurma wuya? Mutane da yawa sun ɗauka ƙarancin basira ne, alhali kuwa ba haka ba ne ko kusa. Rubutu, na Ajami ko na Boko, hoton magana ne. Yaro mai ji, kafin a kai shi gaban malam ya riga ya shekara biyar ko shida yana shan Hausa a ɗakin uwarsa, ya san sunan kome, ya iya tambaya, ya iya gardama. In an nuna masa babbaƙu da farfaru, alama kurum a ke ba shi ta sautin da ya riga ya sani. Kurma kuwa, bincike ya nuna fiye da tara cikin goma iyayensu masu ji ne, ba su san yadda za su zanta da shi ba sai nuni na ci da sha da zo da tafi. Sai ya isa makaranta ba shi da cikakken harshe ko ɗaya, sa'an nan a ɗora masa haruffa masu wakiltar sautin da bai taɓa ji ba. Wanda aka ba mabuɗi ba a nuna masa ƙofa ba, ina laifinsa in bai shiga ba?

Waɗansu kan ce ai sai ya dubi bakin mai magana ya gane. Mai karatu ya tsaya gaban madubi ya ce baba, ya ce mama, ba tare da ya fid da murya ba, ya ga ko akwai bambanci. Sautin ka da ƙa da ga can cikin baki su ke fita, ido ba ya kai wa gare su. Hawa da saukar murya, waɗanda ke rarrabe kalmomin Hausa, ba su bayyana a leɓe. Haka Turanci ya ke, abin da a ke iya gani a leɓen mai yinsa bai kai rabi ba, sauran duk kintace ne.

An taɓa gwada wannan hanya ta leɓe, an ga ƙarshenta. A shekarar 1880 masu koyar da kurame suka yi babban taro a birnin Milan na ƙasar Italiya, kusan dukansu masu ji ne, suka zartar a daina koyarwa da ishara, a tilasta wa yara magana da baki. Aka kusa shekara ɗari a kan haka a Turai da Amurka, ana hana yara ɗaga hannu cikin aji, suna ƙare ƙuruciyarsu wajen gwada furta kalmomi, lissafi da tarihi suna wuce su. A 1960 wani malami a Kwalejin Galodet ta birnin Washinton, Wiliyam Istoki, ya tabbatar da cewa isharar kuramen Amurka harshe ce cikakke, mai nahawunta daban da na Turanci. A 2010 magadan wancan taro suka haɗu a Bankuba ta Kanada, suka warware hukuncin Milan, suka nuna nadama a fili. Raunin da aka yi bai warke da wuri ba, domin wani bincike da aka buga a Amurka a 2000 ya nuna rabin kurame masu shekara 17 zuwa 18 karatunsu bai wuce na ɗan aji huɗu na firamare ba. An lura kuma tun da daɗewa cewa kurman da iyayensa kurame ne, wanda ya tashi da ishara tun yana goye, galibi ya kan fi takwarorinsa iya karatu. Dalili a fili ya ke, shi ya zo makaranta da harshe.

Malaman wannan ƙasa ba baƙi ba ne ga darajar ishara. Jahizu mutumin Basra, wanda ya rasu a shekarar Hijira 255, cikin littafinsa Albayan wat-Tabyin ya lasafta ishara cikin hanyoyi biyar na isar da ma'ana, tare da lafazi da rubutu. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun karɓi isharar bebe wadda a ke fahimta a ciniki da aure da saki. A fadar sarakunan Usmaniyya a Istanbul ma kurame sun yi hidima ƙarni bayan ƙarni, har sarakunan da kansu suna zantawa da su da hannu. Nan ƙasar Hausa akwai maganar hannu, wadda kurame suka gada kaka da kakanni, a Kano har da sarautar Sarkin Bebaye. Wata malama Bajamushiya, Konstanza Shimalin, ta zauna Kano ta nazarce ta, ta buga littafi a kanta a 2000.

Makarantun kurame kuwa ta wata hanya suka shigo. Andiru Fosta, baƙar fata kurma ɗan Amurka, mai wa'azin addinin Kirista, ya gama Galodet a 1954, ya buɗe makaranta a Gana a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960. Kafin rasuwarsa a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13 na Afirka, har da ƙasashen da ke aiki da Faransanci. Da isharar Amurka ya zo, ita kuma aka bi a makarantun Nijeriya, har da ta Tudun Maliki a Kano, wadda aka buɗe a 1977. Sabo da haka kaya uku ne a kan ɗan kurma na Arewa. A gida Hausa a ke yi, tare da ɗan nuni. A makaranta ishara ce mai asali daga Amurka, wadda iyayensa ba su sani ba. A jarrabawa kuma Turanci ne a rubuce. Ɗan'uwansa na Jamhuriyar Nijar ko Kamaru shi ma haka ya ke fama da harshen makarantar ƙasarsa.

Wani attajiri ya iya cewa me kurma zai yi da Turanci, a koya masa ɗinki ko kafinta ya isa. Sana'a abin so ce, amma a dubi kasuwar yau. Saƙon banki na shigar kuɗi da Turanci ya ke zuwa, takardar haya da ta rance da Turanci a ke rubuta su, haka bayanin da ke jikin kwalbar magani. Mai ji, in bai iya karatu ba ya tambayi maƙwabcinsa, ya saurari rediyo. Kurma kuwa rubutu ne kaɗai gadarsa zuwa ga wanda bai iya maganar hannu ba, ko likita ko alƙali ko mai sayen kaya. In ba ya karatu, sai ya dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba, a cuce shi ya rasa yadda zai kai ƙara. Har wa yau ba a shiga jami'a a Nijeriya sai an ci Turanci a jarrabawar gama sakandare. Dokar hana wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilmi kyauta har sakandare, ta kuma keɓe musu kashi 5 cikin 100 na aikin Gwamnati. Amma gurbin aiki ba ya amfanar wanda ba zai iya cika takardar nemansa ba.

Maganin abin yana hannun malaman zaure tun tuni, ko da ba su lura ba. Ta yaya Bahaushen da bai taɓa taka ƙasar Larabawa ba ya ke karanta Ahalari da Ishmawi da Risala? Malam ya kan biya masa nassin Larabci, ya warware masa da Hausa, a bi haka shekara da shekaru har ɗalibi ya iya jan baƙi shi kaɗai. Watau da harshen da ya mallaka ya ke hawa zuwa harshen littafi. Haka ya kamata a yi wa kurma. A fara ba shi maganar hannu ya ƙoshi da ita tun yana ƙarami, sa'an nan a kawo masa rubutaccen Turanci a matsayin harshe na biyu, ana fassara masa da hannu, ana gwama jimla da jimla. Kowane ɗaya daga haruffa 26 na Turanci yana da siffar yatsu tasa, da ita yaro ke riƙe yadda a ke rubuta kalma. Inda ya fi tuntuɓe shi ne ƙananan kalmomi masu haɗa jimla da ɗafe-ɗafe masu nuna lokacin aiki, domin ishara da wata dabara ta ke nuna su, ta hanyar wuri da motsi da yanayin fuska. Wannan sai malamin da ya san harsunan biyu sosai, kuma ba wanda ya fi kurma mai ilmi cancantar wannan aiki. Ta wannan hanya kuma zai iya koyon Hausar Boko da Ajami.

Akwai masu tsoron cewa ishara za ta hana yaro magana. Ba a ga haka ba. Wanda ke da sauran ji a sa masa na'urar kunne, a koya masa furuci gwargwadon iko, amma kada a bar shi ba harshe ana jiran ranar da bakinsa zai buɗe. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, shekarun farko na koyon harshe kuwa in sun wuce ba su komowa. Kada kuma a rena maganar hannu ta gida don an ga ta makaranta. Uganda ta ambaci harshen ishara cikin tsarin mulkinta a 1995, Kenya a 2010, Afirka ta Kudu kuma ta mai da nata harshen hukuma na goma sha biyu a 2023.

Sauran aiki ya rage ga kowa. Iyaye su kai 'ya'yansu rigakafin ƙyanda da sanƙarau. Uwa in ta ga jaririnta ba ya firgita da ƙara, ko ya shekara ba ya waiwayo in an kira shi, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba, mutanen gida kuma su koyi maganar hannu tare da shi. Malamai su faɗa cikin wa'azi cewa ɓoye kurma a gida ko tura shi bara tauye haƙƙi ne, su ba shi wuri a makarantar allo, su nemi mai fassara da hannu a wurin huɗuba da tafsiri. Attajirai, waɗanda ba su gaza wajen gina masallatai da rijiyoyi ba, su tuna ɗaukar nauyin karatun kurma guda har ya zama malami sadaka ce mai gudana, su kuma buɗe wa waɗanda suka yi karatu ƙofar shagunansu. Gwamnatocin jihohi su ƙara makarantu kusa da ƙauyuka, su aika da ɗalibai Kwalejin Ilmi ta Musamman da ke Oyo da Jami'ar Bayero da ta Jos, kada kuma a tura wa ajin kurame malamin da bai iya magana da su ba.

Kurma bai zaɓi halinsa ba, mai ji kuma bai sayi jinsa a kasuwa ba. Wanda aka ba ji da alƙalami lalle za a tambaye shi abin da ya yi wa maƙwabcinsa da aka hana ɗaya, aka bar shi yana jiran ɗayan. Allah ya sa a gane, ya ba da ikon aikatawa.